Suruka Daga Ƙasar Folan

Uwargida, tun 2004 da Folan ta shiga Tarayyar Turai mutanenta suka yi ta ƙaura Ingila neman aiki, can inda samarinmu na Ɗambatta da Bichi su ke zuwa karatu. To, in ɗanki ya aiko cewa 'yar Folan ya ke so, kada hankalinki ya tashi. Yawancinsu Kirista ne, aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida kuwa ta halatta auren masu kamun kai daga cikinsu. Amma ki sa su daidaita kafin ɗaurin aure: addinin 'ya'ya, garin zama, da batun kishiya, gama dokar Folan ta hana mata biyu. In ta zo, baƙuwarki ce, koya mata tuƙin tuwo da haƙuri.