Daga Lambunan Sin Zuwa Nsukka: Yadda Masu Fasaha Ke Sabunta Gado

Daga cikin rassan fasahar zamani akwai wanda za a iya kira fasahar girke, wato aikin da mai fasaha ke tattaro kayayyaki ya girka su a ɗaki ko a fili, ta yadda mai kallo zai zagaya aikin da ƙafarsa, wani lokaci ma ya shiga cikinsa, maimakon ya tsaya gaban hoton da aka rataye a bango. Duk mai irin wannan aiki da ya fito daga al'umma mai tsohon gado yakan tarar da tambaya guda tana jiransa, ita ce ko zai kwaikwayi siffar abin da magabata suka bari, ko kuwa zai nemo dabarar da ta haifi siffar ya yi aiki da ita.

A ƙasar Sin an fi jin wannan tambaya game da lambunan shaƙatawa na birnin Suzhou, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1997. Masana da manyan ma'aikatan gwamnati da suka ajiye aiki ne suka gina su domin karatu da nazari, kuma ƙa'idarsu, kamar yadda Ji Cheng ya tsara a littafin da ya kammala a 1631, ita ce kada ido ya cinye lambun a kallo ɗaya. Saboda haka ake lanƙwasa hanya, a gitta bango, a huda taga daidai inda za ta kamo wani tsauni na nesa ya zama kamar cikin lambun yake. Zuciyar lambun kuwa duwatsu ne masu ramuka da ake haƙowa daga yankin tafkin Tai. Tun daga 1995 masassaƙi Zhan Wang ya riƙa ɗora fallayen ƙarfen da ba ya tsatsa a kan irin waɗannan duwatsu, yana bugawa da guduma har ƙarfen ya ɗauki kowane lungu na dutsen, sannan ya cire, ya haɗa da walda, ya goge. Abin da ke fitowa dutse ne mai holoƙo a ciki, wanda duk mai kallonsa zai ga fuskarsa da dogayen benayen birni a jikinsa, wato dai dutsen ya ci gaba da aro kallo daga kewayensa, sai dai kewayen ne ya canza.

Bahaushen da ke kasuwanci a Ogbete, unguwar da ta taso daga sansanin masu haƙar kwal bayan gano ma'adinin a yankin Inugu a 1909, yana zaune ne kusa da Nsukka, wurin da aka yi irin wannan aiki mafi shahara a Afirka, kuma abin sha'awa shi ne tushensa a Arewa yake. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu fasaha domin bijire wa manhajar Turawa zalla. Cikinsu akwai Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, jagoransu kuma Uche Okeke, Ibo ne da ya tashi a Kafanchan. Ra'ayinsu shi ne kowa ya koma ga gadon gidansu ya gauraya shi da dabarun zamani. Okeke ya zaɓi uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da ruwan 'ya'yan wasu itatuwa, wanda kan yi baƙi a fata ya shuɗe bayan kwanaki kamar lalle, suna kuma yin sa a bangon ɗaki da farar ƙasa da ja da gawayi, damina ta wanke a sake. Abin da ya ɗauka daga uli shi ne tafiyar layi ba tare da gyara ba, da kuma barin fili fayau a tsakanin zane domin filin ma ya yi magana. Ya zauna a Inugu a shekarun 1960, bayan yaƙin basasa kuma ya shugabanci sashen fasaha na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda Obiora Udechukwu da wasu suka ɗora.

A wannan sashe ne El Anatsui, ɗan ƙasar Gana da aka haifa a 1944, ya fara koyarwa a 1975, kuma shi ne ya fitar da al'amarin daga takarda zuwa fili. Ya yi aiki da yumɓu da katako, ya tara murafen gwangwanin madarar Peak, irin wanda kowane mai shayi ke hudawa kullum safiya, ya haɗa su suka zama tsibi-tsibi, ya kuma gina bango da tsofaffin magogan rogo masu tsatsa. A ƙarshen shekarun 1990 ya koma ga murafen kwalaben barasa, waɗanda mataimakansa ke miƙewa, su huda, su ɗinke da wayar tagulla, har su zama wani makeken mayafi mai walƙiya. Masu sharhi sukan hango saƙar kente ta Gana a cikinsa, shi kuma yakan tunatar cewa barasa na cikin hajar da Turawa suka riƙa musayar bayi da ita a gaɓar teku. Ba ya ƙayyade yadda za a rataye aikin, don haka kowane gidan tarihi da nasa ninkin, wanda hakan ya dace da halin uli na rashin dawwama a siffa ɗaya. A 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini a birnin Benis na Italiya da irin wannan mayafi, a 2015 babban baje kolin fasaha na birnin ya ba shi lambar Zakin Zinariya, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern a Landan.

Idan aka juyo ga gadon Hausa, sai a ga kayan aikin sun wadata amma an fi tsayawa ga kwafi. Dagi ya zama tambarin da ake mannawa a ƙofar ma'aikata da kan takarda, zanko kuma ana zuba shi da siminti a saman ginin da ba shi da wata alaƙa da tubali ko makuba. Alhali kuwa hikimar maginin Hausa ta wuce ado. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 lissafi ne na yadda azara da laka za su ɗauki nauyin rufi a kan fili mai faɗi. Tsarin gida kuwa, daga zaure zuwa ƙofar gida zuwa shigifa kafin a kai cikin gida, inda ake kauce wa sanya ƙofofi su fuskanci juna domin kada idon baƙo ya zarce, shi ne ainihin dabarar ɓoyewa da bayyanawa da ake yabon lambunan Suzhou a kanta, illa dai a can nishaɗi ake nema, a nan kuma sutura da kunya. A Nijar an gwada bin wannan hanya ta fuskar gini, domin a 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, tare da magina na gargajiya.

A fagen fasahar girke dai zaure da shigifa ba su samu wanda ya yi musu hidimar da aka yi wa uli a Nsukka ba, kuma sashen fasaha na Zariya, inda tunanin ya faro a 1958, shi ya fi cancanta ya ɗauki wannan aiki tun tsofaffin magina na raye.