ZUBIN TAGULLA DA KAKIN ZUMA

Idan aka sami zuma da saƙarta a Gidan Amumune, ko a kasuwar Mayahi, ko ta Tasawa, akan tsotse zumar a tofar da kakin. Mutane da yawa ba su san kakin nan dukiya ba ne. Da shi maƙeri ke yin zobe, da munduwa, da ƙararrawa, da kayan adon doki. Da shi kuma ake sake wani ƙaramin abu na tagulla da ya karye, wanda babu irinsa a kasuwa. Ana kiran wannan aiki zubi.

Maƙera iri biyu ne

Akwai maƙerin baƙi. Shi ke ƙera hauya, da gatari, da lauje. Yana sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya bubbuga shi bisa uwar maƙera.

Akwai kuma maƙerin fari. Shi aikinsa azurfa ne, da jan ƙarfe, da tagulla. Yana narka su su zama ruwa, ya zuba su cikin ƙunshin laka. Wutar maƙera ba ta narkar da baƙin ƙarfe, amma tana narkar da waɗannan.

Ga zafin da kowane ke bukata kafin ya narke:

Kakin zuma: wajen digiri 63
Tagulla: wajen digiri 900 zuwa 940
Azurfa: digiri 962
Jan ƙarfe: digiri 1085

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Ke nan kaki yana narkewa tun ruwa bai tafasa ba. Tagulla kuwa sai zafi ya ninka na tafasasshen ruwa sau 9. Wannan bambanci shi ne asirin aikin gaba ɗaya. Wuta kaɗan ta fitar da kaki, wuta mai yawa ta kawo ƙarfe ya zauna a gurbinsa.

Sana'a ce ta kaka da kakanni

Ba Turawa suka kawo zubi ba. A shekarar 1353 wani matafiyi mutumin Maroko, Ibn Batuta, ya sauka Takadda, a ƙasar Abzin. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe, ana narka shi, ana yin ƴan sanduna da shi. Ya rubuta cewa ana kai shi har Gobir da Barno.

A Igbo-Ukwu, kudancin Najeriya, an tono kayan tagulla da aka zuba da kaki fiye da shekara 1000 da suka wuce. Birnin Ife da na Benin su ma sun yi suna a wannan aiki. A nan Nijar, maƙeran Abzinawa da kaki suke zuba abin wuyan nan na azurfa na Agadas, wanda duniya ta san ƙasar da shi. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, zai ga irin waɗannan kaya.

Kayan aiki

Kusan dukansu akwai su a ƙauye:

Kakin zuma mai tsabta
Yumɓu
Busasshen kashin jaki
Gawayi
Zuga-zugi da awartaki
Ɗan kasko na laka mai jure wuta
Magagari
Tsoffin kayan tagulla, kamar karyayyar munduwa, ko mataccen kwaɗo, ko kan famfo

Ga yadda ake tace kaki. A ƙulle saƙar zuma cikin tsumma mai tsabta. A tsoma ta cikin ruwan zafi, a danne da muciya. Kakin zai fito ya taso sama, dattin ya tsaya cikin tsumma. Idan ruwan ya huce, sai a ɗauke kakin ya daskare kamar faifai. Kada a ɗora kaki kan wuta shi kaɗai a tafi, domin yana kama wuta kamar mai.

Yadda ake yi

1. Siffar kaki. Maƙeri yana ɗumama kaki a rana ko a gefen wuta har ya yi laushi. Sai ya murza shi, ya yi siffar abin da yake so. Duk zanen da ya yi a jikin kaki zai fito a jikin ƙarfe, har sawun ɗan yatsa. Yakan ɗan ƙara girman siffar, domin ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce.

2. Hanyar ƙarfe. Sai ya murza wani kaki kamar ɗan tsinke mai kauri, ya liƙa a jikin siffar. Nan ne kaki zai fita, nan ne kuma ƙarfe zai shiga.

3. Rigar fari. A niƙa yumɓu da garin gawayi su yi laushi ƙwarai. A dama su ruwa-ruwa kamar kunu. A shafa wa siffar ko'ina, kada a bar rami ko ɗaya. A bari ta bushe.

4. Riga ta biyu. A cuɗa yumɓu da kashin jaki. A lulluɓe siffar da shi, kaurin ɗan yatsa. A bar bakin tsinken nan a buɗe, a yi masa baki mai faɗi kamar mazurari. Amfanin kashin jaki shi ne, ciyawar cikinsa tana ƙonewa ta bar ƙananan ƙofofi. Ta nan iska ke fita, laka kuma ba ta tsagewa.

5. Shanya. A aje ƙunshin a inuwa tukuna, daga baya a kai shi rana. Sai ya bushe ƙayau, ciki da waje. Da rani ya fi saurin bushewa, da damina yana daɗewa.

6. Fitar da kaki. A kifa ƙunshin a gefen wuta, bakinsa ƙasa. Kaki zai narke ya tsiyaye. Sai a tura shi cikin garwashi ya gasu har ya yi ja. Yanzu cikinsa ba kome sai gurbin siffar.

7. Zubi. A sa guntayen tagulla cikin kasko, a yi ta zuga har su zama ruwa. A kwashe dattin da ya taso sama. A kafa ƙunshin cikin busasshen rairayi tun yana da zafi. A ɗauko kasko da awartaki, a zuba gaba ɗaya ba tsayawa. Idan aka tsaya aka sake, abin zai fito da tsaga.

8. Fasawa. Idan ya huce, a fasa lakar. A yanke tsinken, a goge da magagari, a wanke da toka ko tsamiya.

Ƙunshi ɗaya, abu ɗaya. Siffar kaki ta tafi, laka ta fashe. Wanda ke son zobe 10, sai ya yi siffa 10.

Inda lissafi ke da amfani

Tagulla nawa za a narka? Idan ta kasa, aikin kwanaki ya lalace. Idan ta yi yawa, an ɓata gawayi. Wanda ya koyi lissafi ba ya yin kirdado.

Tagulla ta fi kaki nauyi wajen sau 9. Sai a auna siffar kaki tare da tsinkenta kafin a rufe ta da laka, a rubuta a takarda. Misali, kaki ya yi giram 10:

10 x 9 = 90

Ana bukatar giram 90 na tagulla. A ƙara kaɗan saboda dattin da za a kwashe, ya zama giram 100. Idan azurfa ce, sai a ninka sau 11.

A yi hattara

Ruwa shi ne babban abokin gabar mai zubi. Idan narkakken ƙarfe ya taɓa laima, yana fashewa ya fantsamu a fuska. Ido ba shi da na canji. Kada a zuba cikin ƙunshin da bai bushe ba. Kada a jefa jiƙaƙƙen ƙarfe cikin kasko. Mai gaggawa shi ke jin ciwo a wannan sana'a, mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse.

Tagulla tana fitar da farin hayaƙi idan ta narke. Wanda ya shaƙe shi yakan kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. A yi aikin a fili, iska tana bayan mai aiki.

Kada a narka harsashi, ko wani ƙarfe rufaffe da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Kada a fasa tsohon batir don neman dalma. Dalma guba ce, ta fi cutar da yara ƙanana da mata masu ciki. A shekarar 2010, a jihar Zamfara, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Tsoffin kayan tagulla ma sukan ƙunshi dalma kaɗan. Saboda haka kada a yi cokali ko abin shan ruwa da su. Kada a yi zubi kusa da madafa. A nisantar da yara, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kada kuma a zuba abin da zai ɗauki babban nauyi, kamar kayan birkin babur ko gatarin amalanke. Idan ya karye a hanya, rai ne.

Maganar gawayi

Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, domin wutarsa tana da ƙarfi. Amma ƙirya ta yi ƙaranci a dajinmu. A yi amfani da busasshen itace, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji. A tara ƙunshi da yawa a zuba su a wuta ɗaya.

Aikin rani

Bayan an gama kaka, samari da yawa suna tafiya cin rani. Zubi sana'a ce da ake yi a gida, jarinta kaɗan ne. Amma karatun jarida kaɗai bai isa ba. Mai son koyo ya je wurin maƙerin fari, ya yi ladabi, ya fara da jan zuga-zugi. Ya soma da ƙaramin abu kamar zobe. Masu zuma kuma su tace kakinsu su aje, ba ya ruɓewa, kuma yana da masu saye.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Don me ake sa kashin jaki cikin yumɓu?
2. Siffar kaki ta yi giram 25. Tagulla giram nawa za a narka?
3. Me ke faruwa idan aka zuba ƙarfe cikin ƙunshi mai laima?
4. Su wane ne dalma ta fi cutarwa?