Karatun Gamin Kafafe da Shirya Manhaja a Jami'a: Matsayin Hausa a Cikinsa

1.0 Abin da Fannin ya Ƙunsa

Gamin kafafe shi ne haɗa rubutu da hoto da sauti da bidiyo a wuri guda, a kan kwamfuta ko wayar hannu, domin isar da saƙo. Idan mai amfani da abin yana da ikon taɓa wani wuri, na'urar ta ba shi amsa daidai da abin da ya taɓa, to, sai a kira shi gamin kafafe mai mu'amala. A nan ne ya sha bamban da talabijin. Mai kallon talabijin abin da aka watso masa kawai yake karɓa, shi kuwa mai mu'amala da manhaja shi ne ke zaɓar abin da zai gani, da lokacin da zai maimaita shi.

Fannin bai daɗe da kafuwa ba. A shekarar 1987 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da manhajar HyperCard, wadda ta bai wa wanda ba ƙwararre ba damar haɗa shafuka masu hoto da sauti, ana taɓa wannan ya kai mutum ga wancan. A 1989 Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, sannan a 1995 aka ƙirƙiro harshen JavaScript, wanda ke sa shafi ya motsa ya kuma amsa. Manhajar Flash ta yi tashe shekaru da dama wajen yin zane mai motsi, har kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ƙarshen 2020. Ɗalibin da Flash kaɗai ya iya, ranar nan sana'arsa ta tsaya. Dalili ke nan da ya sa kyakkyawan tsarin karatu yake fifita koyar da tushen aiki a kan koyar da wata manhaja guda.

A jami'o'in Nijeriya digirin farko a irin wannan fanni yakan ɗauki shekara huɗu, mai takardar NCE da ta dace kuwa yana iya shiga kai tsaye a shekara ta biyu. Darussan suna warwatse ne tsakanin sassan kimiyyar kwamfuta da na aikin jarida da na zane-zane. Duk inda aka same su, abubuwa uku ake son ɗalibi ya mallaka. Na farko shi ne tsara zane, wato sanin launi da girman haruffa da yadda ido yake bin shafi. Na biyu shi ne shirya manhaja, wato rubuta wa kwamfuta umarni daki-daki cikin harsuna irin su Python da JavaScript. Na uku, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne nazarin mutumin da zai yi amfani da abin. A shekarar ƙarshe ɗalibi yakan gina wani aiki nasa na kansa a matsayin kundin kammala karatu.

2.0 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Abin da ya shafi malamin Hausa a nan ya fara ne daga yadda kwamfuta take riƙe harafi. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 kawai aka tanada, babban harafin A yana da lamba 65, ƙaramin k yana da 107, z kuma 122. Babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ. Saboda haka masu buga littattafan Hausa suka riƙa ƙera salon haruffa na musamman, su cusa ƙ a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Dabarar takan yi aiki a kan kwamfutar da aka yi rubutun. Da zarar an kai shi wata na'ura da ba ta da wannan salo, sai a ga baka ko wata alama ta fito a tsakiyar kalma. Akwai kundayen bincike da yawa da har yau a haka suke.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya warware matsalar daga tushe, domin ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da 409, ɓ 595, ɗ 599, sai ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a madadin 'y, wadda take da 436. Amma samun lamba ba shi ne ƙarshen aiki ba. Wajibi ne salon haruffan da mai zane ya zaɓa ya ƙunshi siffar waɗannan baƙaƙe, manya da ƙanana. In babu su, na'urar takan aro su daga wani salo dabam, sai a ga ƙ ta fi sauran haruffa kauri, ko kuma akwati ya fito a wurinta. Wanda ya ce a bar ƙugiyar a huta bai lura da abin da ke tsakanin bari da ɓari ba, ko kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai.

Akwai kuma batun jera kalmomi. Idan aka umarci kwamfuta ta jera su bisa lambar haruffa, duk kalmar da ta fara da ƙ za ta koma bayan z, tunda 409 ta fi 122. Ƙamusun Hausa kuwa ba ya raba ƙ da maƙwabciyarta k. Haka nan umarnin da ke mayar da harafin farko babba yakan ci karo da 'yan da 'ya'ya, saboda abin da ya tarar a farkon kalmar alama ce, ba harafi ba. Mai shirya manhaja ba zai gano waɗannan kurakurai ba sai ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, ko kuma yana aiki kafaɗa da kafaɗa da wanda ya san su.

3.0 Sauti

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma wannan ne giɓin da gamin kafafe yake iya cikewa fiye da littafi. A ɗauki kalmar fara. Tana iya nufin launi, kamar a farar riga. Tana iya nufin ƙwaron nan mai cin amfanin gona. Tana iya nufin soma aiki. A ta farko wasalin gaɓar farko gajere ne, karin kuma sama-sama. A ta biyu wasalin dogo ne, karin ƙasa-sama. A ta uku dogo ne, karin sama-ƙasa. Malami yana iya zana alamomin a allo, amma yaron da Hausa ba harshen uwarsa ba ce sai ya ji da kunnensa, kuma ba sau ɗaya ba.

Ɗalibin da ya zaɓi wannan a matsayin aikin kammalawa zai naɗi muryar mai magana a ɗaki marar hayaniya, ya yanka kowace kalma a fayil nata, ya zaɓi hoton da ya dace da ita. Daga nan sai ya rubuta umarnin da zai sa taɓa hoto ya fitar da sauti, da kuma gwajin da na'urar za ta furta kalma, yaro ya zaɓi hotonta. Tilas ne ya yanke shawara a kan karin harshen da zai naɗa, domin Bakano da Basakkwace ba su furta komai iri ɗaya ba. A aikin makaranta daidaitacciyar Hausa ce abin bi. Tilas ne kuma ya rage nauyin fayilolin, ya sa manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba, ganin cewa a makarantu da yawa waya ɗaya ce, ta malami, za ta zagaya aji. Kafin ya miƙa aikin, sai ya kai shi gaban yara biyar ko shida, ya zauna gefe ya yi shiru, ya rubuta duk inda yatsansu ya tsaya yana neman abin taɓawa.