Hattara da Wutar da Ke Zuwa da Sharri

Mun daɗe muna kukan rashin wutar lantarki, har kukan ya ɗauke mana hankali daga wata masifa da ke ƙara yaɗuwa a unguwanninmu da kasuwanninmu, wato wutar da ake kawowa ba bisa ƙa'ida ba. Da zarar yara sun yi ihun "NEPA!", kowa sai ya ruga ya kunna firji da fanka da injin jawo ruwa, ba wanda ya tambayi wace irin wuta ce ta shigo masa gida. Alhali kuwa wutar nan ita ce ke cinye jarin mai ƙanƙara da mai niƙa da mai cajin waya, ita ce kuma ke tayar da gobara mutane suna barci.

Wutar gida a Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne a layi ɗaya, 400 tsakanin layi da layi. Ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi shi ne kada ta wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, wato tsakanin 207 da 253. Duk abin da ya fita daga wannan iyaka cuta ne ga kayan wuta.

Mu fara da wadda muka raina, wadda ake kira "lo-karant". Unguwa ta cika da sababbin gidaje, taransifoma ita ce dai ta shekaru ashirin da suka wuce, wayoyin sirara, ga masu satar wuta sun maƙala nasu. Da magariba kowa ya kunna kayansa, sai ƙwan fitila ya yi ja. Mutane na ɗauka cewa wuta mai rauni ba ta da illa. Wannan kuskure ne mai tsada. Injin firji da na rijiyar burtsatse idan ƙarfin wuta ya ragu, ƙara zuƙar wuta suke yi don su juya, wayoyin cikinsu su yi zafi, rufin wayar ya riƙa lalacewa har ranar da injin zai ƙone. Mai shi ya zagi kamfanin da ya ƙera, ya sayo sabo, ya sake jona shi a wutar da ta kashe na farkon.

Wadda ta fi muni ita ce idan wayar nutural ta katse, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta daga jikin taransifoma. Nan take ma'auni ya rikice tsakanin layukan taransifoma uku: wasu gidaje wutarsu ta yi ƙasa, wasu kuma ta hau ta doshi bolt 400. Ƙwan fitila ya fashe, talabijin ta yi hayaƙi, caja ta narke a jikin soket. A shagon da aka kulle da dare cike da atamfa ko robobi, musamman lokacin hunturu da komai ya bushe, wannan ya isa ya zama gobarar da za ta lashe layi guda na kasuwa. Kada wanda ya ruɗe ka cewa stabilaiza za ta cece ka. Tana da iyakar da take iya gyarawa, idan wuta ta wuce nan ita ma ƙonewa take yi.

Ido ba ya auna wuta. Ƙaramar mitar da mai gyaran wuta ke ɗauka ma abin da ke faruwa a lokacin kawai take nunawa, ya zo da hantsi ya ga 220 ya ce lafiya lau, alhali ɓarnar da ƙarfe biyun dare take aukuwa. Shi ya sa ake da na'urar da ke rikodin ƙarfin wuta. Ƙwararre ne zai jona ta a allon wutar gini a bar ta mako guda, tana rubuta hawa da saukar wutar dare da rana tare da lokacin kowanne. Daga nan za a gane ko laifin daga taransifoma yake, ko daga wayoyin cikin gida, ko layi ɗaya aka yi wa lodi fiye da sauran.

Wannan rikodin kuma hujja ce. Wanda ya je ofishin kamfanin rarraba wuta da baki kawai, da baki za a sallame shi. Wanda ya je da takardar da ke nuna rana da sa'a da adadi, dole a saurare shi, in ba a yi ba yana da damar kai ƙara ofishin sauraron koke na hukumar NERC. Tun Afrilun 2024 masu rukunin Band A ke biyan kuɗi mai yawa bisa alkawarin wutar sa'a 20 a rana. Sa'a 20 ta wutar da ke ƙona kaya ba cika alkawari ba ne.

Saboda haka, ya ku shugabannin kasuwa da masu unguwanni da masu asibitocin da ke ajiye allurar rigakafi a firji, ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar rikodin nan ko ku yi hayarta. Kowane magidanci ya sa wa gidansa na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan, wadda kuma ke jinkirta 'yan mintoci kafin ta mayar. A daina barin yaro ya sa hannu a fiyus da sunan canza layi. A kashe babban makunni kafin a rufe shago. Idan ka ga ƙwanka ya yi haske fiye da kima yayin da na maƙwabcinka ya dushe, kashe komai nan take, ka sanar da jama'a, domin alamar katsewar nutural ke nan.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku auna wutarku a makon nan, tun kafin motar kashe gobara ta zo ƙofarku.