Kafin A Kunna Babbar Na'urar Sanyi Ta Kan Rufi

Duk wanda ya bi kasuwanninmu na kan iyaka a 'yan shekarun nan, tun daga Birnin Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, zai lura cewa gine-ginen siminti suna ta maye gurbin rumfunan kwano. An samu manyan kantuna, da shagunan sayar da magani, da bankuna, da masaukan baƙi, kuma da yawansu sun wuce ƙaramar na'urar sanyi ta jikin bango, wadda mutanen Nijar ke kira kilim, 'yan Nijeriya kuma esi. Abin da ake ɗorawa yanzu shi ne wani babban akwatin ƙarfe a saman rufi, wanda ke hura sanyi ta cikin bututu zuwa ɗakuna da yawa a lokaci guda.

Ba don jin daɗi kaɗai ake saye ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi a yankinmu kan haura digiri 40, alhali yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu cewa a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Haka madara da kayan kwalam da turare duk zafi na lalata su. Ke nan ranar da wannan akwati ya tsaya a tsakiyar bazara, asarar ba ta tsaya kan kuɗin gyara ba, har jarin da ke cikin kanti abin ya shafa. Ga kuma ran yaron da ake turawa sama ya duba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da 'yan kasuwa kan yadda ake tayar da wannan na'ura da yadda ake kula da ita.

Tun daga wurin saye

Kuskure na farko a wurin ciniki ake yin sa. Kowace na'ura tana da wani ɗan allon ƙarfe a jikinta, inda aka rubuta irin wutar da take sha, da irin gas ɗin da ke cikinta da nauyinsa. Wutarmu a Nijar da Nijeriya iri ɗaya ce: bolt 220 zuwa 230 a layi ɗaya, 380 zuwa 400 a layi uku, kuma tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka kuwa sau 60 take bugawa, kuma manyan na'urorinsu an ƙera su ne don bolt 208, ko 230, ko 460. Saboda haka na'urar gwanjo da ta fito daga can, in mai bolt 230 ce ta layi uku aka jona ta da wutarmu ta 380, ƙonewa za ta yi. Mai 460 tana iya tashi, amma za ta yi ta juyawa a hankali, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinta. Araha dai ba ta ado.

Abu na biyu shi ne ajin na'urar. Akwai wadda aka auna ƙarfinta a zafin digiri 35, ana rubuta mata T1, akwai kuma wadda aka auna a digiri 46, mai alamar T3, irin wadda ake amfani da ita a Dubai da Saudiyya. Ita ce ta dace da bazararmu.

Na uku, da yawa daga cikin waɗannan akwatuna an yi su ne don ƙasashe masu sanyi, don haka suna da ɓangaren ɗumama ɗaki mai aiki da gas ko lantarki. Mu nan ba mu da bukatarsa, ko da a tsakiyar hunturu. A sa ƙwararre ya rufe wannan ɓangare gaba ɗaya. Kada kowa ya yi dabarar jona masa tukunyar gas ta girki, domin gas ɗin bututu da aka tsara shi da shi daban yake, kuma wutar da ba ta ci daidai ba tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki.

Rufin da za a ɗora ta

Na'ura mai matsakaicin girma, wadda ake kira mai tan 10, nauyinta kan kai wajen rabin tan. A lura, tan 10 ɗin nan ma'aunin sanyi ne ba na nauyi ba. Wajibi ne magini ya tabbatar rufin zai ɗauka, a kuma zaunar da ita daram ba tare da karkata ba, domin in ta karkata ruwan da take tatsowa daga iska zai cika tirenta ya zubo kan kaya. A bar fili kamar mita ɗaya a kewayenta don iska da mai gyara. Duk inda bututu ya huda rufi a like shi sosai kafin damina. Haka nan a cire katako da ƙusoshin da kamfani ya ɗaure injin da su saboda tafiya, in takardar na'urar ta ce a cire.

Wuta ba ta da sabo

Babu wanda ya kamata ya buɗe murfin wannan akwati sai an kashe babban makunnin da ke ba shi wuta, an sa masa kwaɗo, mai gyaran ya jefa ɗan makullin a aljihunsa. Kashe ta daga na'urar bango da ke cikin kanti bai wadatar ba. Dalili kuwa a fili yake: mai gyara yana sama, yaron kanti yana ƙasa ba ya ganinsa, ya ji zafi ya dame shi, sai ya tayar da makunni.

Haka kuma, don an ɗauke wuta a gari ba shi ne an samu damar aiki ba. Wuta na iya dawowa ba sallama, wani kuma na iya tayar da janareta. Bayan an kashe, sai a auna wayoyin uku ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, wadda aka fara gwada ta a inda ake da tabbacin akwai wuta, don a san tana aiki. Akwai kuma wani ɗan gwangwani da ake kira kafasita, wanda ke riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe komai. A jira aƙalla minti biyar, a sababbin na'urori ma har goma, sannan a auna shi kafin hannu ya taɓa.

Hawa rufin ma yana da ƙa'idarsa. A ɗaure tsani, kansa ya zarce bakin rufi da kimanin mita ɗaya, a ja kayan aiki da igiya maimakon riƙe su a hannu. Mutum biyu za su hau. A yi aikin da sanyin safiya kafin ƙarfe ya ɗau zafi, in kuma hadari ya haɗo a sauko nan take.

Ranar tayarwa

Zuciyar na'urar ita ce kwamfuresa, kuma ita ce mafi tsada a cikinta. Idan ta daɗe a kashe, kamar yadda ake yi daga Disamba zuwa Fabrairu, gas yakan kwanta ya gauraya da man da ke ƙasanta. In aka tayar da ita haka, man zai yi kumfa ya fice, ƙarfe ya ci ƙarfe. Don haka ne aka sa mata wata 'yar waya mai ɗumama man. Ana ba na'urar wuta a bar ta ba a kunna sanyi ba, wasu kamfanoni sun ce awa 8, wasu awa 24, kafin a tayar. Mai gaggawa a nan shi ke sayen sabuwar kwamfuresa.

Sai batun jeren layi uku. Yawancin kwamfuresocin zamani gefe ɗaya kawai suke juyawa. In aka sauya wayoyi biyu, za ta juya da baya: za a ji ƙara mai tsanani, ba kuma sanyi. A kashe nan take, a kulle makunni, a sauya kowaɗanne biyu cikin wayoyi ukun da suka shigo. Wannan ba ranar farko kaɗai yake faruwa ba, yana iya aukuwa duk lokacin da ma'aikatan wuta suka gyara layi a unguwa, ko aka kawo sabon janareta.

A auna ƙarfin wutar ma. Kada ta yi sama ko ƙasa da abin da aka rubuta da fiye da kashi 10 cikin 100, bambancin da ke tsakanin layukan uku kuma kada ya wuce kashi 2. Mafi muni shi ne layi ɗaya ya ɗauke, biyu su rage, domin injin zai yi ta gurnani har ya ƙone. Akwai 'yar na'ura mai gadin layi da ke katse wuta in haka ta faru, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na kwamfuresa.

Wannan magana ta fi shafar mu mazauna iyaka. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram. Da aka katse ta a watan Agusta na 2023, har zuwa farkon 2024, kowa ya koma kan janareta. To, a san cewa a lokacin tashi kwamfuresa kan ja wuta ninki biyar ko shida na abin da take sha in ta daidaita, don haka janaretan da aka auna daidai wa daida ba zai ɗauke ta ba. In kuma wuta ta ɗauke ta dawo, a ba ta minti uku zuwa biyar kafin ta sake tashi. Akwai agogon jinkiri a cikinta don wannan aiki, kada a yarda wani ya cire shi da sunan yana ɓata lokaci.

Bayan ta yi kamar minti 15 tana aiki, a auna iskar da take zuƙa da wadda take hurowa. Bambancin digiri 8 zuwa 11 alama ce ta lafiya.

Maganar gas

Gas ɗin na'urar sanyi ba ya ƙarewa kamar fetur, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ke zuwa duk wata biyu ya ƙara gas ya karɓi kuɗi bai yi gyara ba. A nemo hujin, a toshe, a zuƙe iska da danshi da famfon da aka tanada, sannan a zuba gas bisa sikeli gwargwadon nauyin da aka rubuta a allo.

Wajen neman huji, da iskar naitirojin ake matsa bututu. Kada a kuskura a yi amfani da iskar oksijin ta masu walda, domin in ta haɗu da man kwamfuresa fashewa take yi kamar bam.

Gas kuma iri-iri ne, ba a gauraya su. Tsohon da aka saba da shi, R-22, yana kan hanyar fita. Bisa yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987, wadda ƙasashenmu suka sa wa hannu, ƙasashe masu tasowa za su kusan daina shigo da shi baki ɗaya a 2030, don haka mai sayen tsohuwar na'urar R-22 yau ya yi lissafin wannan. R-410A ya fi shi matsi da kusan rabi, a ranar zafi matsinsa kan haura ninki goma na iskar tayar mota, saboda haka robobi da agogon awo na R-22 ba su dace da shi ba. R-32 da R-290 kuwa suna kama wuta, ba a kusantar su da sigari ko wutar walda. Ruwan gas in ya taɓa fata yana ƙona ta da tsananin sanyi, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne.

Muna kuma jan hankalin masu sayar da tukwanen gas ɗin kansu. Jabu ya yi kisa: a 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka rasu, bincike ya nuna gurɓataccen gas aka zuba musu. Tukunyar da ta yi araha fiye da kima abar tuhuma ce.

Ƙurar hunturu

Abin da ya fi kashe waɗannan na'urori a ƙasar Hausa ƙura ce. Matatar iska in ta toshe, sanyi zai ragu, bututu ya yi ƙanƙara, kuɗin wuta ya hau. A duba ta duk wata, a lokacin buji kuma duk mako biyu. Ragar waje mai fitar da zafi a wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, bayan an kashe wuta, aƙalla sau biyu a shekara: ƙarshen Fabrairu kafin bazara, da kuma bayan damina. A lokacin ne za a duba fambel, a ƙara ɗaure wayoyin da suka saki, a buɗe bututun ruwa, a kori ƙadangaru da ɓeraye da ke shiga akwatin wuta su haɗa layi.

Daga ƙarshe, muna ba kowane mai kanti shawara ya ajiye littafi guda domin wannan na'ura, inda za a riƙa rubuta ranar da aka yi aiki, da abin da aka canja, da awon wuta, da nauyin gas ɗin da aka zuba. Da shi ne za a gane mai gyaran kirki, da shi kuma za a ga matsala tun tana ƙarama. Ɗan kasuwar da ba ya barin buhu ɗaya ya fita daga sito ba a rubuta ba, bai kamata ya bar dukiyar da ke saman kansa ba lissafi ba. Watan Fabrairu ne lokacin kiran mai gyara, tun kafin zafi ya sa kowa ya yi layi a ƙofarsa. Allah Ya tsare mana rayuka da dukiyoyinmu, Ya ba da kasuwa mai albarka.