Yadda Indiya Ta Kwance Igiyar Beyar Mai Rawa

Beyar ɗin dazuzzukan Indiya da Nepal da Siri Lanka baƙar dabba ce mai yalwar gashi, da farin tabo a ƙirji, da dogon baki, da farata masu lanƙwasa. Babban namiji yakan haura kilo 100, amma duk wannan girman da gara da tururuwa ake gina shi. Idan ta tarar da suri sai ta fasa shi da farata, ta hure ƙasar, ta rufe ƙofofin hancinta, ta riƙa zuƙo gara ta wani giɓi da Allah ya halitta mata a gaban baki, inda haƙora biyu na sama ba sa tsirowa. Ana jiyo ƙarar zuƙar daga nesa. Tana hawa bishiya neman zuma, tana cin 'ya'yan itace, uwa kuma takan goya 'ya'yanta a baya kamar mace mai jego, tsawon watanni, ta tare damisa gaba da gaba idan ta kusanto su. Mutanen ƙasar sun daɗe suna ganin girmanta. A tsohon labarinsu na Ramayana akwai Jambavan, sarkin beyar, dattijo mai shawara wanda ya tuna wa jarumin biri Hanuman ƙarfin da ya manta yana da shi.

Wannan dabbar ce wata al'umma ta Musulmi masu yawo gari-gari, da ake kira Kalandar, ta shafe kimanin shekara 400 tana yawo da ita, tun daga fadojin sarakunan Mughal har zuwa bakin titin da ya tashi daga Agra zuwa Fatehpur Sikri, inda 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa ɗaukar hoto. A wancan zamani mafarauta ke sato jaririn daga kogo, sau da yawa bayan sun kashe uwar. Sai a ƙona ƙarfe ya yi ja, a huda saman hancinsa, a zura igiya mai kaushi ta cikin raunin, a karya masa fiƙoƙi. Daga ranar, duk lokacin da aka fizgi igiyar sama dole ya miƙe kan ƙafafun baya yana tsalle don zafin ya ragu. Wannan tsallen ne 'yan kallo ke kira rawa. Ana kuma sayar da gashin dabbar a matsayin laya, a ɗora yara a bayanta da imanin za ta kare su daga cuta da kambun baka.

Bahaushe ya san irin wannan sana'a, shi ya sa ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai kuɗin da Kalandar ke karɓa bai taɓa fitar da shi daga talauci ba. A lokacin yawancinsu ba su da gona, ba su da boko, suna kwana a bukkoki a gefen gari, 'ya'yansu mata ana aurar da su tun suna ƙanana. Nan ne tushen maganar: igiyar tana da kai biyu, ɗaya a hancin dabba, ɗaya a hannun matalauci, kuma ba a kwance ɗaya a bar ɗaya. Tarihi ya tabbatar da haka. Dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta haramta kama beyar, a 1998 gwamnati ta ƙara da hana wasa da ita, amma rawa ba ta tsaya ba. Jami'in da ya ƙwace dabba ba shi da inda zai ajiye ta, mutumin da aka ƙwace wa kuma ba shi da abin da zai ci da iyalinsa, sai ya nemo wani jaririn. Kowane kamu ya zama odar sabuwar farauta.

Abin ya sauya ne bayan Kartick Satyanarayan da Geeta Seshamani sun kafa ƙungiyar Wildlife SOS a 1995. Tare da hukumar gandun daji ta jihar Uttar Pradesh, da tallafin ƙungiyoyi irin su International Animal Rescue da Free the Bears, suka buɗe matsuguni kusa da Agra a ƙarshen 2002, wata beyar mace mai suna Rani ta zama ta farko da aka kawo. Sharaɗin mai sauƙi ne: wanda ya miƙa dabbarsa, ya sa hannu cewa ya bar sana'ar har abada, za a ba shi jarin kuɗin Indiya rufi 50,000 da horo. Wasu suka buɗe shago, wasu suka sayi babur mai ƙafa uku suna haya, mata suka koyi ɗinki, yara suka shiga makaranta, wasu mazan ma aka ɗauke su aikin kula da dabbobin. A Disamba 2009 aka cire igiya daga hancin Raju, na ƙarshe da aka sani yana rawa a titunan Indiya, aka kai shi Bannerghatta kusa da Bengaluru. Jimillar waɗanda aka ceto ta haura 600. Abin da doka ta kasa a shekara 30, jari da makaranta sun gama shi a shekara 7.

Mai suka zai ce wannan lada ne ga mai karya doka, kuma ɓarnar kuɗi ce a ƙasar da mutane ke kwana da yunwa. To, masu yunwar su ne aka bai wa jarin, kuma yaron da aka haifa ya tarar da igiya a hannun ubansa da kakansa ba shi ya zaɓi laifin ba. Da hukunci kaɗai yana magani, da an warke tun 1972. Wani zai ce matsuguni ma kurkuku ne, me ya hana a mayar da su daji? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ɗan beyar yakan yi shekara biyu ko fiye yana bin uwarsa kafin ya iya neman abinci da guje wa maƙiyi. Wanda aka raba da uwa yana jariri, aka karya masa haƙora, wani ya makance, wani ya kamu da tarin fuka, kuma ya saba da mutane, sakinsa a daji kisa ne, ko kuma jefa ƙauyawa cikin haɗari, domin beyar na cikin dabbobin da suka fi raunata mutane a Indiya. Abin da ya rage masa shi ne fili mai bishiyoyi da tafki, da likita, da kunun hatsi da zuma da kankana har ƙarshen rayuwa. Babbar ribar kuwa tana daji, inda kasuwar jarirai ta karye.

Saura masu cewa al'ada ce, a bar ta. Daɗewar abu ba ta halatta shi, kuma Musulmi ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wasu ƙasashe ma sun yi hakan: a Bulgeriya an buɗe matsugunin Belitsa a 2000, aka karɓo ukun ƙarshe a 2007, a Nepal kuma aka ceto biyun ƙarshe da aka sani a 2017. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Duk wanda ransa ke ɓaci idan ya ga kura da takunkumi ko biri da sarƙa a kasuwanninmu, ya sani cewa kira ga hukuma ta kama gardi rabin aiki ne. A tanadi inda dabbar za ta zauna, a tanadi abin da mutumin zai ci, sannan a karɓi igiyar.