Azola: Kainuwar Da Ake Dasawa Da Hannu

Duk wanda ya ajiye kaji goma a bayan ɗaki a zango ya san bakinsu ne ke cinye ribar. Masara ta tashi, waken suya ya tashi, buhun abincin da ka saya bara, bana sai ka ƙara sidi a kai kafin a ɗora maka. Shi ya sa ban yi mamaki ba da hotunan wani ɗan koren tsiro mai suna azola suka cika Facebook da WhatsApp, ana cewa wai da rami ɗaya da ruwa kaɗan ka rabu da sayen abincin kaji har abada.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a nan Kumasi, kuma kusan shekara biyu ke nan ni da ɗalibaina muna renon azola a bayan ajinmu. Iyaye kan tare ni a hanya: "Malam, wannan abin gaskiya ne kuwa?" Amsar da nake ba su ita ce tana da amfani, tana da hidima, kuma amfanin bai kai yadda masu sayar da irinta suke kambamawa ba.

Hausawa na yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, don ba wanda ya shuka ta, sai dai ka wayi gari ka ga ta rufe tafki. Azola ma a kan ruwa take yawo, saiwoyinta na lilo ba sa taɓa ƙasa. Amma jinsinsu daban. Kainuwa na buɗe ganye kamar latas, ita kuwa azola duk tsironta bai wuce farcen babban yatsa ba, ganyayyakinta mitsi-mitsi suna hawa kan juna kamar gashin tsuntsu. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Yawanci karyewa take yi, kowane ɓangare ya zama sabon tsiro, kuma idan ta ji daɗin wuri tana ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 5.

Abin da ya ba ta daraja yana ɓoye a cikin ganyen. Akwai wani ɗan kogo da wata ƙwayar halitta mai suna Anabaena ke zaune a ciki, tana zuƙo sinadarin naitirojin daga iska tana ba tsiron. Wannan sinadari shi ne manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna baza azola a fadamunsu, ta ruɓe ta zama taki. Daga naitirojin ɗin nan ne kuma take samun furotin, abin gina jikin da mai kiwo ke nema.

Tsarin da muka bi shi ne wanda manoman kudancin Indiya suka yaɗa. Rami mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, zurfinsa kamar santimita 20, a daidaita ƙasansa sosai don kada ruwa ya taru gefe guda. A shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri. A zuba tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai kyau kilo 10 zuwa 15, a dama kashin shanu kamar kilo 2 da garin takin sufa giram 30, a kwarara, sannan a cika ruwa ya kai santimita 10. A watsa azola rabin kilo zuwa kilo guda. Cikin kwana 10 zuwa 15 za ta rufe fuskar ruwan kaf. Wanda ba shi da fili, kamar yawancinmu a Aboabo da Asawase inda tsakar gida ta gaji da mutane, tsohon baho ko rabin durom ma ya isa gwaji.

Wani dattijo ya taɓa tsayar da ni a kan kashin shanun, wai kaji su ci abin da ya tsiro a cikin ƙazanta? Na ce masa, Baba, ai a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, kuma duk da haka wanke azolar muke yi tas kafin a ba su. Wankin ma dole ne, don kaji kan juya mata baya idan tana warin taki.

To, haƙa ramin shi ne mai sauƙi. Renon ne ke kayar da mutane, kuma mafi yawan waɗanda suka ce mini "tawa ta mutu", rana ce ta kashe ta. Azola ta fi son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30. Da ya haura 35 sai ta fara wahala. A nan Kumasi inuwar bishiya ko rumfar ganyen kwakwar manja ta wadatar, ta samu hasken safe, ta tsira daga ranar azahar. 'Yan'uwanmu na Tamale da Wa da Bolgatanga kuwa, inda watan Maris ke kusantar digiri 40, sai sun ninka inuwa sun ƙara zurfin ruwa, don ruwa marar zurfi a kan baƙar leda nan da nan yake zama kamar na shayi. Inuwar ma kada ta yi duhu, kuma ganyen da bishiya ke zubarwa a riƙa tsince shi.

Tsiron da kansa yana faɗa maka halin da yake ciki, wannan ne darasin da yara suka fi so. Kore shar, lafiya lau. Idan ya fara ja, ko dai rana ta yi masa yawa, ko fosfaras ya ƙare a ruwan, wani lokaci kuma sanyin asubar hunturu ne. Naitirojin dai tana samu daga iska, fosfaras kuwa sai ka ba ta, shi ya sa duk kwana 5 zuwa mako ake ƙara ɗan kashin shanu da ɗan garin sufa. Idan ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, gansakuka ta taso, taki ya yi yawa ke nan. Sai a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo, wanda dama ya kamata a riƙa yi duk kwana 10. Bayan wata 6 a kwashe komai, a canja ƙasa a sake.

Sai ɗiba. Mutum kan ji tausayinta ya bar ta ta yi ta taruwa, alhali cunkoso ne ke ruɓar da ita daga ƙasa. Kullum sai an sa rariya an kwashi wani abu. A makaranta mun yi jadawali, yara biyu kowace safiya. Lokacin dogon hutu mahaifiyar wata ɗalibata ce ke karɓar aikin, ladanta kuma duk abin da ta ɗiba na agwaginta ne. Su agwagi ba a koya musu cin ta. Idan ba ka rufe ramin da raga ba, su za su yi maka girbin gaba ɗaya a yini guda. Ragar tana kuma tsare ƙananan yara masu rarrafe.

Yanzu ga lissafin da masu talla ba sa yi. Ana cewa azola na da furotin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma haka ne, amma a busasshiya. Ɗanyarta fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Rami irin namu, idan yana cikin ganiyarsa, yana ba da kamar rabin kilo a rana. Shanya wannan rabin kilon, abin da zai rage bai wuce giram 30 zuwa 40 ba. Kaza mai ƙwai guda ɗaya tana cin kusan giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Na ba 'yan aji biyu wannan a matsayin aikin gida, su da kansu suka gano cewa ramin gaba ɗaya ba zai ƙosar da kaza ɗaya ba in da shi kaɗai za ta dogara. Masana kiwo ma shawarar da suke bayarwa ita ce busasshiyar azola kada ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abincin kaza, saboda tana da harza da yawa da cikin kaza ba ya iya narkarwa.

Duk da haka ni ban raina ta ba. Kajin da ke kulle a keji, ba sa ganin ɗanyen ganye, idan aka gauraya musu ita da dusa suna ci da marmari, kuma gwaiduwar ƙwansu na ƙara ja. Mai kifin karfasa ya fi mai tarwada morewa, don karfasa dama mai cin ganye ce. Wanda ya ce maka ka daina sayen masara, wallahi irin yake son sayar maka.

Akwai abu biyu da nake ja wa kowa kunne a kai. Na farko ruwa. Azola na tsotse ƙarafa masu guba ta tara a jikinta, har ana gwada ta wajen tace gurɓataccen ruwa. Idan ka cika raminka da ruwan kwata, ko na rafin Subin da Aboabo, ko na kogunan da masu galamse suka dama irin su Offin da Pra, abin da ta tsotsa zai bi ta cikin kaza ya iso kwanonka. Ruwan sama ko na rijiya ya fi. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. A riƙa kuma leƙa gefen ramin, domin ko da yake shimfiɗarta mai kauri na takura wa sauro, duk inda ta bar fili zai iya yin ƙwai.

Na biyu, kada rarar ta shiga kwata. Afirka ta Kudu ta ga ta kanta da wani jinsin azola ɗan asalin nahiyar Amurka, wanda ya rufe madatsun ruwa, sai da aka saki wani ƙwaro mai cin ta a 1997 kafin aka shawo kanta. Mu ma a Gana masunta na kogin Oti da Tano sun san wahalar wata ciyawar ruwan mai shuɗin fure, wadda ado ne ya yaɗa ta a duniya daga Kudancin Amurka. Mai saya a leda ba ya iya tantance wane jinsi aka ba shi. Mu rararmu binne ta muke yi a gindin barkono da tumatir na lambun makaranta, cikin mako biyu ta narke a ƙasa.